HAƘƘIN ƊAN HANYA A KAN MAZAUNA GARI: DARASI DAGA MASU KETA ƘASASHE A KAN KEKE

(Matanin laccar da aka gabatar a birnin Sakkwato)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ubangijin mazauni da matafiyi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammad (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



GABATARWA

Maudu'in da za mu tattauna a wannan zama shi ne haƙƙin matafiyi a kan mutanen garin da ya ratsa, wato wanda Alƙur'ani mai girma ya kira Ibnus Sabil, mu kuma muke fassara shi da ɗan hanya. Mun zaɓi mu shigo wa mas'alar ta labarin masu doguwar tafiya a kan keke. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa majalisin ilimi da keke? Amsa ita ce, a wannan zamani na mota da jirgin sama, mai keke shi ne matafiyin da ya fi kama da matafiyan da, waɗanda hukunce-hukuncen baƙunta suka sauka a kansu. Ba ya wuce gari sai ya tsaya, ba ya kwana sai a hannun wani. Saboda haka duk abin da ya same shi a hanya, alheri ko sharri, shaida ce a kan mutanen hanyar, kuma mu ma muna cikinsu.

LABARIN MATASA BIYU

A watan Mayu na shekarar 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini mai suna Mamadu Safayu Bari, ɗan shekara 25, ya bar gida a kan keke da nufin zuwa Jami'ar Azhar da ke Alƙahira domin neman ilimin addini, saboda ba shi da kuɗin jirgi. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, har ya kai Chadi bayan kimanin wata huɗu, ya taka tafiyar da ta kai kilomita 4,000. A kan hanya an tsare shi sau uku, sau biyu a Burkina Faso, sau ɗaya a Togo. Da ya isa Chadi sai ya tarar hanyar gabas ta toshe, domin yaƙi ya ɓarke a Sudan tun 15 ga Afrilu na wannan shekara. A nan ne wani ɗan jarida ya yi hira da shi ya watsa labarinsa, sai wasu bayin Allah da ba su taɓa ganinsa ba suka haɗa masa kuɗin jirgi. Ya sauka Alƙahira ranar 5 ga Satumba, 2023, Jami'ar Azhar kuma ta karɓe shi ta ɗauki nauyin karatunsa.

Na biyu ɗan ƙasarmu ne, Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya tashi daga Jos a kan keke a shekarar 2021, ya bi ta Nijar da Chadi da Sudan, ya isa ƙasa mai tsarki a ƙarshen shekarar 2022, bayan kusan shekara biyu a hanya. Kafin su, a shekarar 2010, wasu matasa biyu sun taso daga can ƙarshen Afirka ta Kudu a kan kekuna, suka yi kimanin wata tara kafin su kai Makka. Su kansu Turawa sun daɗe da wannan al'ada, tun daga Tomas Stibins, mutumin Ingila, wanda ya kewaye duniya a kan keke tsakanin 1884 da 1886.

Jama'a sukan ji irin waɗannan labarai su yi ta mamakin ƙarfin ƙafar mai tafiyar da juriyarsa. To, amma ya kamata mu yi wata tambaya ta daban. Mutumin da ba shi da kuɗin jirgi, wa ya shayar da shi har tsawon wata huɗu? A ina ya yi kwana sama da ɗari? Wa ya nuna masa hanya a ƙasar da ba ya jin harshen mutanenta? Ƙafarsa ce ta taka feda, wannan gaskiya ne, amma bayan ikon Allah hannuwan mutane ne suka yi ta miƙa shi daga gari zuwa gari. Jaridu ba su rubuta sunayen waɗannan mutane ba, amma suna rubuce a wurin da ba a mantuwa.

ME YA SA MAI KEKE YA ZAMA MA'AUNI?

Wanda ya shiga mota daga Sakkwato zuwa Kano yana wuce garuruwa masu yawa ba tare da ya buƙaci kowa ba sai direba da mai sayar da mai. Tafiyar yini ɗaya ce. Mai keke kuwa, wannan tafiya kanta sai ta ci masa kusan mako guda. Abin da kariyar kekensa za ta ɗauka kaɗan ne, ruwan da zai ɗaura ba zai wuce masa yini ba, balle a ƙasa irin tamu inda zafin bazara, a watannin Afrilu da Mayu, yake haura digiri 40. Taya za ta yi faci a inda babu mai faci, sarƙa za ta tsinke, rana za ta faɗi yana tsakanin gari da gari. Ko yana da kuɗi a aljihu, a ƙauyen da babu masauki na haya kuɗin ba za su yi masa ɗaki ba. Dole ne ya yi sallama a ƙofar mutumin da bai san shi ba, wanda ba ya tsammanin sake ganinsa har abada.

Wannan shi ne abin lura. Alherin da ake yi wa ɗan'uwa ko maƙwabci ko abokin ciniki yana iya gaurayuwa da tsammanin ramuwa, kamar yadda muke gani a sha'anin biki da suna, inda abin ya zama tamkar bashi. Shi kuwa baƙon da zai wuce da asuba ba shi da abin da zai rama da shi sai addu'a. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Saboda haka kyautata masa yana daga cikin ayyukan da suka fi kusa da ikhlasi, wulaƙanta shi kuma yana daga cikin ayyukan da suka fi tona asirin zuciya, domin mai yin haka ya san babu wanda zai tsaya wa baƙon.

MATSAYIN ƊAN HANYA A SHARI'A

Allah (S.W.T.) Ya ambaci Ibnus Sabil a wurare takwas cikin LittafinSa: Suratul Baƙara aya ta 177 da ta 215, Nisa'i 36, Anfal 41, Tauba 60, Isra'i 26, Rum 38, da Hashri 7. A Suratut Tauba an lissafa shi cikin mutane takwas da ake ba zakka. A Anfal da Hashri an yanka masa rabo daga dukiyar hukuma. A Nisa'i an jera shi tare da iyaye da dangi da marayu da maƙwabta cikin waɗanda aka yi umarni a kyautata musu. A Isra'i da Rum kuwa, abin da ake ba shi an kira shi haƙƙinsa. Mu lura da wannan kalma. Haƙƙi abu ne da mai shi yake bin ka, ba ka da ikon yi masa gori a kansa.

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa ana ba ɗan hanya zakka ko da mawadaci ne a garinsu, gwargwadon abin da zai mayar da shi gida. Malamanmu na Malikiyya sun gindaya sharuɗɗa: ya kasance yana da buƙatar abin da zai kai shi, tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, kuma idan mawadaci ne a garinsu, ya kasance bai sami mai ba shi rance ba. Imam Shafi'i ya faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da wanda yake shirin fara tafiya halattacciya daga garinsu alhali ba shi da guzuri.

Game da liyafa, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Shuraih (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ɗaure girmama baƙo da imani da Allah da ranar lahira, ya kuma iyakance cewa yini da dare na farko na karramawa ta musamman ne, baƙunta kwana uku ce, abin da ya ƙaru a kan haka sadaka ne. Imam Ahmad da Laisu ɗan Sa'ad sun tafi a kan cewa saukar da baƙo yini da dare wajibi ne. Jumhurun malamai sun ce sunna ce mai ƙarfi. An ruwaito daga Imam Malik da Sahnun cewa nauyin ya fi hawa kan mutanen karkara, domin a birni matafiyi zai sami masauki da abincin saye. To, illar da suka kafa hukunci da ita ita ce buƙata. Ke nan duk inda buƙatar ta samu, ko a tsakiyar birni ne, kamar wanda aka yanke wa aljihu a tasha, haƙƙin yana nan. Idan kuwa hali ya kai ga tsoron halaka saboda yunwa ko ƙishirwa, babu saɓani cewa ceto wajibi ne.

Akwai kuma gargaɗi mai tsanani. A hadisin Abu Huraira (R.A.) da ke cikin Bukhari da Muslim, daga cikin mutane uku da Allah ba zai yi magana da su ba ranar alƙiyama, akwai wanda yake da rarar ruwa a daji ya hana ɗan hanya. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id (R.A.) cewa a cikin wata tafiya Annabi (S.A.W.) ya ga wani mutum a kan abin hawansa yana ta waige dama da hagu, sai ya fahimci halinsa tun bai roƙa ba, ya umarci mai rarar abin hawa da mai rarar guzuri su ba marasa shi. Darasin shi ne, ba a jira sai mai buƙata ya zubar da mutuncinsa da roƙo.

Wani zai tambaya, idan baƙon ba Musulmi ba ne fa? Zakka dai, a wurin jumhur, ba a ba shi daga rabon ɗan hanya. Amma ruwa da abinci da makwanci da nuna hanya, duk wannan kyautatawa ce da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofarta ga wanda bai yaƙe mu ba. Idan an gafarta wa mutum saboda shayar da kare, kamar yadda ya tabbata a hadisi ingantacce, ina ga shayar da ɗan Adam?

MISALAI DAGA ANNABAWA DA MAGABATA

Annabi Ibrahim (A.S.) ya gabatar wa baƙin da bai sani ba gasasshen maraƙi kafin ya tambaye su ko su wane ne, kamar yadda ya zo a Suratu Hud da Zariyat. Annabi Musa (A.S.) ya isa Madyana yana gudun hijira, ba guzuri ba masani, wani dattijo ya aika aka kira shi, ya kwantar masa da hankali, ya ba shi aiki da aure. A Suratul Kahfi kuma, aya ta 77, an ba mu labarin wata alƙarya da mutanenta suka ƙi saukar da Annabi Musa da abokin tafiyarsa. Alƙur'ani bai faɗi sunan garin ba, bai ba mu labarin ganuwarsa ko kasuwarsa ba. Abin da ya rage daga tarihinsu shi ne rowar da suka yi wa baƙi biyu, ana karanta ta duk ranar Juma'a.

Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.) ya zama ɗan hanya. A komowarsa daga Ɗa'ifa, ƙafafunsa na zubar da jini, Addas, wani bawa Kirista mutumin Ninawa, shi ya kawo masa inabi. A hanyar hijira ya sauka a tantin Ummu Ma'abad a Ƙudaid alhali ba ta san ko shi wane ne ba, jagoransa kuma, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, a lokacin yana kan addinin mutanensa, amma bai ci amana ba.

Halifofi sun mayar da wannan haƙƙi tsarin hukuma. Malaman tarihi sun kawo cewa a shekara ta 17 bayan hijira masu rijiyoyin da ke tsakanin Makka da Madina sun nemi izinin Sayyidina Umar (R.A.) su yi gine-gine, ya yarda musu bisa sharaɗin ɗan hanya ya fi kowa cancantar inuwa da ruwa. Umar ɗan Abdul'aziz ya umarci gwamnansa na Samarƙand ya gina masaukai, a ciyar da matafiyi yini da dare, mara lafiya a ninka masa, wanda guzurinsa ya yanke a ba shi abin da zai kai shi garinsu. Zubaida matar Haruna Rashid, wadda ta rasu a shekarar 831 Miladiyya, ta kashe dukiyarta wajen haƙa rijiyoyi da tafkuna a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, har yau hanyar da sunanta ake kiran ta. Da ba don irin wannan tsari ba, da malaman hadisi ba su iya keta ƙasashe sun tattaro mana Sunna ba. Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya yi tafiyar wata guda domin hadisi ɗaya.

GADON DA MUKA TARAR A WANNAN ƘASA

Ya ku 'yan'uwa, wannan birni da muke zaune a cikinsa matafiya ne suka kafa shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya jiƙansa) ya je har Agadas wajen malaminsa Jibrilu ɗan Umar, ya yi yawon wa'azi a Kabi da Zamfara shekaru da dama, mutane suna saukar da shi da almajiransa. A watan Fabrairu na 1804 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A shekarar 1809 ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato. Jama'ar da ta ɗanɗani baƙunci haka ba ta da uzurin jahiltar haƙƙin baƙo.

A shekarar 1824 Baturen Ingila Kilafaton ya iso Sakkwato, Sarkin Musulmi Bello ya karɓe shi, ya danƙa shi ga Waziri Giɗaɗo. Ya sake dawowa a 1826, a lokacin ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno. Sarkin Musulmi ya sauke shi, amma ya hana shi wucewa da kyaututtukan da ya ɗauko wa Shehun Barno. A nan ciwo ya kama shi ya mutu a watan Afrilu na 1827, aka bar yaronsa Landa ya koma bakin teku. A 1853 Bajamushen nan Bat, wanda ake kira Abdulkarim, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya sami takardar aminci ya wuce Gwandu da Tambutu. Mu riƙe labarin Kilafaton, domin za mu dawo kansa.

Talakawa ma suna da nasu tsari. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sun kafa zango-zango a kan hanya har Salaga, da madugu da mai masauki da Sarkin Zango, shi ya sa har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara zango ake ce musu. Kakanninmu da suka yi aikin hajji da ƙafa sun bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kordofan har bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekaru suna tafe suna ƙwadago, suna kwana a masallatai da zaurukan mutane. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sannar, a garin da har yau ake kira da sunansa. Ashe mu jikokin mutanen da wasu suka saukar ne.

Ko ginin gidan Bahaushe shaida ne. An yi zaure ne domin a karɓi baƙo ba tare da an keta hurumin iyali ba. Ana ajiye randa a ƙofar gida, ana fitar da akushi bayan magariba, duk wanda ya tarar ya sa hannu. Baƙon da dare ya yi masa, gidan mai unguwa ko na liman ake kai shi.

ABIN DA YA CANZA

Yau zaure ya zama shago ko garejin mota, randa ta koma ruwan leda na saye, masallatai da yawa ana kulle su da an idar da sallar isha'i. Amma babban abin da ya yi wa wannan ɗabi'a illa shi ne tsoro. Kuma ba za mu ce tsoron ba shi da dalili ba. Mutanen Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah sun ga abin da suka gani daga 'yan bindiga, an kuma san cewa miyagu suna amfani da masu kai musu rahoto. Wanda aka taɓa cuta ta hanyar baƙuwar fuska, ba a zarge shi don ya yi taka-tsantsan.

Sai dai mu dubi inda tsoro marar linzami yake kai al'umma. A watan Agusta na 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba da ke Jos, suna komawa gida daga Bauchi, aka kashe sama da mutum 20. A watan Maris na 2025 an kashe mutum 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bisa zaton masu satar mutane ne. Mun yi kuka a kan waɗannan, kuma ya cancanta mu yi. To, adalci shi ne mu tambayi kanmu, shin baƙon da ya shigo kasuwanninmu da ƙauyukanmu ya tsira daga irin wannan zato? Jihun ɓarawo ɗaya ya isa a taru a kan mutum kafin a tambayi sunansa. Allah Ya umarce mu da yin bincike kafin mu afka wa mutane cikin jahilci, a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, Ya kuma hana mu yawan zato a aya ta 12. 'Ya'yanmu suna cirani a Legas da Fatakwal da Abijan, ɗalibanmu suna Masar da Madina. A 2023, da yaƙin Sudan ya tashi, ɗalibanmu sun kwashe kwanaki a kan iyakar Masar suna jiran a buɗe musu. Duk gidan da ke nan yana da ɗan hanya a wata ƙasa. Yadda muke so a riƙe namu, haka ya wajaba mu riƙe na wasu.

A nan ne labarin Sarkin Musulmi Bello yake amfanar mu. Ya sauki baƙo, ya ciyar da shi, ya tsare ransa, amma ya binciki kayansa ya hana abin da zai cutar da jama'a. Ashe karamci da taka-tsantsan suna zama a gida ɗaya.

MAFITA

Muna ba da shawarwari kamar haka:

1. A dawo da ruwan sha kyauta a ƙofar masallatai da gidajen da ke bakin hanya, musamman hanyoyin Illela da Gusau da Birnin Kabi. Randa da moɗa ba su fi ƙarfin kowa ba.

2. Kowane masallacin Juma'a ya keɓe ɗaki ɗaya na baƙi, da mutum biyu ko uku amintattu masu kula da shi. A rubuta sunan baƙo da inda ya fito da inda za shi, a duba takardar shaidarsa cikin mutunci, a sanar da mai unguwa. Mutumin kirki ba ya ƙin a san shi.

3. Masu fitar da zakka su tuna cewa rabon ɗan hanya bai faɗi ba. Muna kira ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jiha da kwamitocin unguwanni su sanya wakilai a tashoshin mota. Wanda yake tsoron 'yan damfara masu cewa kuɗin mota ya yanke musu, sai ya raka mutum tasha ya biya direba da hannunsa. Kada wake ɗaya ya ɓata gari.

4. Mai faci da mai shayi da mai abinci da ɗan kabu-kabu su ji tsoron Allah, kada su ninka wa mutum farashi don sun ji harshensa baƙo ne.

5. A gaya wa matafiyi gaskiyar hanya: wadda ke da lafiya, wadda ba a bi bayan la'asar, garin da ya kamata ya kwana. A yau wannan nasiha tana iya fin tuwo amfani a gare shi.

6. Wanda aka yi shakkarsa a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Babu wani taron jama'a da shari'a ta ba ikon yanke hukunci a kan titi.

7. Matan aure da mazansu ba sa gida su aika yaro ya kai baƙo masallaci ko wurin maƙwabci, su bi shi da ruwa da abinci. Ladansu na nan cikakke.

Wanda ba shi da komai kuwa, to yana da fuska, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

LADUBBAN SHI MATAFIYIN

Kada wani matashi ya tashi daga wannan majalisi yana zaton cewa mun ce zuwa Makka a kan keke ya fi lada. Wahala ba abar nema ba ce don kanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya da ƙafa, sai ya bayyana cewa Allah ba Ya buƙatar mutumin ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Hajji yana kan wanda ya sami iko ne, amincin hanya kuma yana cikin iko. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (R.A.) cewa wasu mutanen Yaman sukan zo hajji ba guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun iso sai su koma roƙo, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka tana umarni da yin guzuri. Haka nan Sunna ta hana mutum ya riƙa tafiya shi kaɗai, musamman da dare.

Saboda haka wanda lalura ta sa ya hau keke ko ya taka da ƙafa, ya gyara niyyarsa kada ta zama neman suna a kafafen sadarwa. Ya nemi yardar iyayensa, ya bar wa iyalinsa abin da za su ci, ya riƙe takardunsa na tafiya, ya nemi izinin shiga ƙasar da ya nufa ta hanyar da doka ta tanada, ya nemi abokin tafiya. Idan an sauke shi ya ci abin da aka ba shi ba tare da raini ba, ya kame idonsa daga iyalin gida, kada ya ɗauki hotonsu sai da izini, kada kuma ya zarce kwana uku har ya ƙuntata wa mai masaukinsa, domin hadisin Abu Shuraih ya hana haka. Ya sani cewa idan ya ci amana, ya rufe ƙofa ga duk wanda zai zo bayansa. Sa'an nan ya yi wa masu gida addu'a, domin addu'ar matafiyi tana cikin waɗanda ake karɓa, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, ba kullum ne mai keke daga Gini zai biyo ta ƙofarmu ba. Amma a daren yau akwai wanda zai kwana a tashar mota cikin wannan birni saboda kuɗinsa sun ƙare, akwai wanda ya kawo mara lafiya asibiti daga ƙauye bai san kowa ba, akwai wanda 'yan bindiga suka koro daga garinsu. Duk waɗannan suna bin mu haƙƙi, kuma za a tambaye mu. Muna roƙon limamai da shugabannin unguwanni da ke wannan zama su ɗauki maganar ɗakin baƙi da ta ruwan sha zuwa ga kwamitocin masallatansu tun daga wannan Juma'a mai zuwa.

Allah Ya amintar da hanyoyinmu, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da garuruwansu, Ya tsare mu daga rowa da mugun zato, Ya sanya mu cikin masu sauraron magana su bi mafi kyawunta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.